Sake launin bindigar wasan harbin fenti: aikin da ya wuce batun ado

A kowane ƙarshen mako ɗimbin matasa da magidanta a Amurka da ƙasashen Turai kan fita filayen wasa sanye da garkuwar fuska, suna harbin juna da wasu 'yan ƙwallaye masu ɗauke da ruwan launi. Wannan shi ne wasan da Turawa ke kira paintball, wato wasan harbin fenti. Bindigar da ake yinsa da ita ba ta amfani da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura ƙwallon.

Wasu masu irin wannan bindiga kan kai lokacin da za su so su sauya mata launi, ko dai saboda ta kwarzane a fagen wasa, ko don ta dace da launin ƙungiyarsu, ko kuma don ta yi daraja idan an zo sayarwa. A ido, aikin bai wuce na gwangwanin fenti guda da 'yan sa'o'i ba. To amma a haƙiƙa sauya launin yana shafar abubuwa 3 da ba a cika lura da su ba: daidaiton sassan ƙarfen, da ƙarfin tukunyar da ke riƙe da iskar, da kuma irin kallon da doka da jami'an tsaro za su yi wa bindigar.

Daga garken shanu zuwa filin wasa

Asalin wannan bindiga ba wasa ba ne. A shekarun 1960 kamfanin fenti na Nelson da ke jihar Michigan a Amurka ya ƙirƙiro wani ƙwallon fenti da ake iya harbawa daga nesa, domin ma'aikatan gandun daji su riƙa sa alama a jikin bishiyoyin da za a sare, makiyaya kuma su riƙa shaida shanunsu ba tare da sun sauka daga kan doki ba. Kamfanonin Crosman da Daisy, masu ƙera bindigogin iska, su ne suka ƙera masa abin harbawar, kuma samfurin da ya fi yin suna shi ne Nel-Spot 007.

A watan Yunin shekara ta 1981 wasu mutane 12 suka shiga wani daji a garin Henniker na jihar New Hampshire ɗauke da wannan bindiga. Waɗanda suka shirya haɗuwar su ne marubuci Charles Gaines, da ɗan kasuwar hannun jari Hayes Noel, da abokinsu Bob Gurnsey. Manufarsu ita ce warware wata gardama a kan ko ɗan birni zai iya yin galaba a kan ɗan karkara a cikin daji. Wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ritchie White ne ya yi nasara, ba tare da ya yi harbi ko sau ɗaya ba.

Daga nan wasan ya bazu. Har ya zuwa yau masu yinsa sun fi son kiran abin harbin nasu da sunan "mai sa alama" a maimakon bindiga, domin tunawa da asalinsa, da kuma nesanta shi daga makamai. Faɗin ƙwallon da aka fi amfani da shi kimanin milimita 17 ne, nauyinsa kimanin giram 3, kuma a yawancin filaye ba a yarda gudunsa ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa guda ba, wato wajen mita 90.

Bindigogin farko da baƙin ƙarfe ko tagulla aka yi su, kuma ba su da wani ado. A shekarun 1990 ne alminiyum, wanda ake kira sanholo ko gorar ruwa, ya mamaye sana'ar saboda rashin nauyinsa, a samfura irin su Spyder na kamfanin Kingman, da Angel na kamfanin WDP da ke Birmingham a Ingila. Tare da alminiyum ɗin ne launuka masu ƙyalli suka shigo, ja da shuɗi da ruwan gwal, wani lokaci a cakuɗe kamar an watsa su.

Rini ne, ba fenti ba

Abu na farko da ya kamata mai niyyar sake launi ya sani shi ne, launin da ke jikin mafi yawan waɗannan bindigogi ba fenti ba ne. Bambancin kamar na bangon da aka shafa wa farar ƙasa ne da ƙyallen da ya shiga karofin marina. Na farko a sama yake zaune, ana iya kankare shi. Na biyu kuwa ya riga ya shiga jiki.

Wannan fasaha ana kiranta anodayizin, a Hausance ana iya cewa rinin lantarki. Ita ce dai ke ba da launin jikin wayoyin hannu da kwamfutoci da yawa, da kuma firam ɗin tagogin alminiyum. An fara amfani da ita a masana'antu a Birtaniya a shekara ta 1923, domin kare sassan jiragen sama masu sauka a kan ruwa daga cin gishirin teku. A shekara ta 1927 aka yi rajistar hanyar da ke amfani da asid ɗin salfa, irin wanda ke cikin ruwan batirin mota, kuma ita ce ta fi yaɗuwa har yanzu.

Tushen fasahar wata ɗabi'a ce ta alminiyum. Da zarar iska ta taɓa shi, sai wani siririn ɓawo da ido ba ya gani ya rufe fuskarsa, ya hana shi lalacewa. Abin da masu rinin lantarki ke yi shi ne kaurara wannan ɓawo da gangan. Ana tsoma ƙarfen cikin kwatarniyar asid da aka tsarma da ruwa, mai ɗumin kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, sannan a saki wutar lantarki ta ratsa shi na tsawon minti 30 zuwa sa'a guda. Iskar oksijin da ke fitowa sai ta haɗu da fuskar ƙarfen, ɓawon ya riƙa girma, wani ɓangare yana nutsawa ciki, wani yana tasowa waje.

Kaurin ɓawon da ake yi domin ado ba ya wuce maikiron 25, maikiron kuwa shi ne kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Silin gashin kan mutum ya ninka shi kauri kusan sau 3. Duk da haka yana da tauri ƙwarai, domin sinadarinsa ɗaya ne da yashin da ke jikin samfefa da yawa.

Idan aka duba ɓawon da madubin ƙara girma, za a ga cike yake da ramuka kamar saƙar zuma. Waɗannan ramuka su ne ke shan launi idan aka tsoma ƙarfen cikin ruwan rini mai ɗumi. Daga bisani sai a dafa shi cikin tataccen ruwa mai tafasa, ko wani ruwan magani, bakunan ramukan su toshe, launin ya kulle a ciki. Saboda haka ne ba ya ɓarewa kamar fenti, ko da yake rana kan kashe kaifin wasu launukan idan an daɗe. Saboda haka ne kuma ba a samun fari tas ta wannan hanya, domin ƙwayoyin farin launi sun fi ƙarfin ramukan.

Kowane sabon rini yana cin ƙarfe

Wanda ke son a sake wa bindigarsa rini dole ne a fara cire tsohon ɓawon. Ana yin haka ne da kostik soda, wadda masu haɗa sabulu suka sani. A nan ne matsalar farko take. Sodar ba ta tsayawa a kan ɓawon, tana gamawa da shi sai ta shiga cin ƙarfen da ke ƙasa. 'Yan mintoci na sakaci sun isa su faɗaɗa ramin da sassan ciki ke kai da komo a cikinsa.

Ko da an yi aikin bisa ƙa'ida, sai an yi asarar wani abu, tun da tsohon ɓawon daga jikin ƙarfen aka yi shi, sabon ma daga nan za a yi shi. Bindigar harbin fenti kuwa da zobban roba take riƙe iska, kuma waɗannan zobba suna bukatar ramin ya kasance daidai wa daida. Gangar jikin da aka sake wa rini sau 2 ko 3 tana iya fara yoyon iska, ko zaren kusoshinta ya yi sako-sako, kuma babu yadda za a mayar da ƙarfen da ya tafi.

Har ila yau rinin lantarki ba ya ɓoye aibi. Duk wani kwarzane ko lotsawa da ke jikin ƙarfen zai fito a sabon launin, wani lokaci ma fiye da da. Don haka sai an goge an sumulce tukuna, wanda shi ma wani cin ƙarfen ne. Kazalika wajibi ne a cire duk wata kusa ko fil na baƙin ƙarfe, domin asid ɗin zai cinye su, ya kuma ɓata wurin da suke.

Akwai masu gwada wannan aiki a gida, amma hatsarinsa ba kaɗan ba ne. Asid da kostik soda duka suna ƙona fata, suna makantarwa, kuma haɗuwar soda da alminiyum na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Ruwan da aka yi amfani da shi ma ba a zubar da shi a kwata.

Ba kowane ƙarfe ke karɓar rini ba

Tambaya ta biyu ita ce, da wane irin ƙarfe aka yi bindigar. Masu tsada akan sassaƙa su ne da inji daga dunƙulen alminiyum mai lamba 6061, wanda abin da aka gauraya masa na sinadarin silikon bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan yana karɓar rini yadda ya kamata.

Masu sauƙin kuɗi da yawa kuwa zuba su ake yi, wato a narka ƙarfen a ɗura shi cikin mazubi, kamar yadda maƙeran fari ke zuba tukwanen sanholo. Domin narkakken ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu, akan gauraya masa silikon da ya kai kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Silikon kuwa ba ya amsa rinin lantarki, saboda haka ƙarfen zubi kan fito da launin toka mai duhu, dabbare-dabbare.

Fitaccen misali shi ne samfurin Tippmann 98, wanda kamfanin Tippmann na garin Fort Wayne a jihar Indiana ya fitar a shekara ta 1998, ya kuma zama bindigar haya a filayen wasa da dama saboda juriyarsa. Gangar jikinsa ta zubi ce, kuma baƙin da ke kanta tun daga masana'anta shafe ne, ba rini ba. Irin wannan bindiga ce aka fi yi wa sabon fenti. Haka nan waɗanda aka yi da tagulla ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, kamar gangar jikin tsohon samfurin Automag, su ma ba sa shiga kwatarniyar rinin alminiyum.

Hanyoyin fenti

Hanya mafi arha ita ce fentin feshi na gwangwani, kuma ita ce ta fi yawan ba da kunya. Dalili shi ne ɓawon nan na alminiyum ba ya barin fenti ya kama sosai. Wanda ya fesa kai tsaye zai ga fentin yana ɓarewa tun a wasan farko.

Kusan dukkan aikin yana wajen share fage. Da farko a cire tukunyar iska, a tabbatar babu sauran iska a cikin bindigar, sannan a wargaza ta gaba ɗaya, a ware zobban roba da kayan lantarki. A wanke maiƙo da sinadarin asiton, a goge fuskar ƙarfen da samfefa mai lamba 320 zuwa 400 har sheƙinsa ya mutu, a sake wankewa, daga nan kada hannu ya taɓa shi sai da safa. Ba a amfani da soson baƙin ƙarfe, domin ɓurɓushinsa kan maƙale a jikin alminiyum ya haddasa tsatsa a ƙarƙashin fentin.

Bayan haka sai a fesa fentin shimfiɗa mai ɗan asid a cikinsa, wanda ke cizon ƙarfen ya riƙe. A kansa ake bin launin da ake so, siriri-siriri sau 2 ko 3, daga tazarar santimita 20 zuwa 30, a wuri mai iska, da abin rufe hanci. Fentin kan bushe a taɓawa cikin sa'a guda, amma bai gama ƙarfi ba sai bayan kwanaki, wani har mako guda. Gaggawar haɗa bindigar kafin lokacin ita ce ke ɓata aikin mutane da yawa. Ko an bi dukkan waɗannan matakai, gefuna da wuraren da hannu ke riƙewa za su goge a hankali.

Hanya ta biyu ita ce fentin gari. Ana fesa busasshen garin roba mai ɗauke da cajin lantarki, ya manne wa ƙarfen, sannan a gasa shi a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 na tsawon minti 10 zuwa 20, garin ya narke ya zama riga guda. Ya fi fentin gwangwani ƙarko nesa ba kusa ba, amma yana da kauri, sau da yawa maikiron 60 zuwa 100. Ƙarfen zubi kuma yakan fitar da iskar da ta maƙale a cikinsa idan ya ji zafi, fentin ya yi ƙuraje, shi ya sa ƙwararru kan fara gasa shi tsirara tukuna.

Hanya ta uku ita ce fenti mai haɗe da garin tangaran, wanda aka fi sani da sunan Cerakote, na kamfanin NIC Industries da ke jihar Oregon. Kaurinsa maikiron 12 zuwa 25 ne kawai, ana gasa shi a zafin kimanin digiri 120 na sa'o'i 2, kuma yana kama alminiyum na zubi da baƙin ƙarfe baki ɗaya. Sai dai yana bukatar injin feshin yashi da ƙwararren hannu, saboda haka ya fi tsada.

Inda fenti bai kamata ya taɓa ba

Kowace hanya aka zaɓa, fenti na waje ne. Wajibi ne a toshe ko a liƙe cikin bututun, da ramin da sassan ciki ke gudu, da mazaunin zobban roba, da wurin da kunama ke juyawa, da 'yan ramukan idanun lantarki masu gano ko ƙwallo ya shiga, da kuma duk wani zaren kusa.

Lissafin a bayyane yake. Fenti mai kaurin maikiron 80 a cikin rami zagayayye zai rage faɗinsa da maikiron 160, tun da ya hau ɓangarorin 2. A kan zaren kusa kuwa tasirin yakan ninka kusan sau 4, abin da ke sa bututu ya ƙi ɗauruwa, ko a tilasta shi zaren ya lalace.

Ɓarɓashin fenti guda da ya shiga bawul ya isa ya hana shi rufewa, iska ta riƙa zurarewa, ko kuma gudun ƙwallon ya riƙa hawa da sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an ƙera garkuwar fuska ne bisa la'akari da gudun da aka ƙayyade, kuma raunin ido shi ne mafi muni a wannan wasa. Don haka duk bindigar da aka wargaza aka haɗa, sai an gwada ta da na'urar auna gudu kafin a shiga fili da ita.

Tukunyar iska ba abar wasa ba ce

Idan kuskure a gangar jiki asarar kuɗi yake jawowa, kuskure a tukunyar iska yana iya cin rai. Tukunyar matsattsiyar iska tana riƙe da matsin da ya kai 3,000 ko 4,500 a ma'aunin psi, alhali tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take ɗauka. Wato matsin babbar tukunyar ya ninka na taya fiye da sau 100.

Ƙarfin tukunyar alminiyum ya samo asali ne daga yadda aka sarrafa ta da zafi a masana'anta. Idan aka sake ɗumama ta fiye da kima, sai wannan ƙarfi ya tafi ba tare da wata alama ta bayyana a waje ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce, duk tukunyar alminiyum da zafinta ya wuce kimanin digiri 175, to a daina amfani da ita kwata-kwata. Zafin tandar fentin gari kuwa ya haura wannan iyaka. An sha samun tukwanen iska na masu ninƙaya a ƙarƙashin teku da suka fashe a wurin ɗura iska bayan an gasa musu fenti, kuma kamfanonin da ke ƙera su sun daɗe suna gargaɗi a kan haka.

Tukwanen da aka naɗe da zaren kabon su ma suna da nasu hatsarin. Magungunan cire fenti na iya narkar da ƙaron da ya riƙe zaren, sabon fenti kuma yana ɓoye tsagewar da mai dubawa ya kamata ya gani. A jikin kowace tukunya akwai lambobi da ranar ƙira, kuma yawancinsu ana gwada ƙarfinsu duk bayan shekaru 5, yayin da akasarin masu zaren kabon wa'adinsu shekaru 15 ne. Tukunyar da aka shafe lambobinta, masu ɗura iska na da hujjar ƙin karɓarta. Wanda ke son launin tukunyarsa ya dace da na bindiga, akwai rigunan yadi da na roba da ake sa mata.

A watan Maris na shekara ta 2004 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar mutane 2, wani yaro ɗan shekara 15 da wata mata, waɗanda tukwanen iskar kabon suka buge bayan sun kwance daga bawul ɗinsu sun tashi kamar roka. Saboda irin wannan hatsari ne 'yan wasa kan ja ɗan layin fenti daga jikin bawul zuwa wuyan tukunya, ta yadda idan layin ya rabu za su san tukunyar ce ke kwancewa, su dakata. Wannan shi ne kusan fenti ɗaya tilo da ke da amfani a jikin tukunya.

Launi a idon doka

Batu na ƙarshe ya shafi wanda ke kallon bindigar daga nesa. Bindigogin gasa, da launukansu masu ƙyalli da kwandon ƙwallaye a kansu, ba su cika kama da makami ba. Amma akwai wani reshe na wasan da ke kwaikwayon fagen daga, inda ake ƙera bindigogin da siffar na soja, kuma masu su kan so su yi musu baƙin fenti ko dabbare-dabbaren kakin soja.

A Amurka wata dokar tarayya ta shekara ta 1988 ta wajabta sa alamar ruwan lemo a bakin bindigogin wasan yara, amma ta keɓe na harbin fenti daga wannan sharaɗi. Ke nan a can launin jikin bindigar da siffarta su ne ke bambanta ta da ta gaske.

Abin da rashin wannan bambanci ke jawowa ya bayyana a watan Oktoban shekara ta 2013, lokacin da wani ɗan sanda a yankin Santa Rosa na jihar Kalifoniya ya harbe Andy Lopez, ɗan shekara 13, wanda ke ɗauke da bindigar wasa mai kama da AK-47. A watan Nuwamban 2014 kuma aka harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, a birnin Cleveland na jihar Ohio. Bindigogin yaran 2 ba na harbin fenti ba ne, masu harba ƙwayoyin roba ne, amma dukkansu babu alamar ruwan lemo a bakinsu. A ƙarshen shekara ta 2016 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa cikin shekaru 2 'yan sandan ƙasar sun kashe mutane 86 da ke riƙe da bindigogin da ba na gaske ba.

Matsalar tana da wata fuskar. A shekara ta 2006, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, birnin New York ya haramta sayar da kayan fentin da ake mayar da bindigar gaske ta yi kama da ta wasan yara, domin gudun kada ɗan sanda ya yi jinkiri a gaban makami na haƙiƙa.

A Birtaniya dokar rage miyagun laifuka ta shekara ta 2006 ta mai da shi laifi mutum ya sauya bindigar kwaikwayo ta yadda za ta yi kama da ta gaske sak. Ƙa'idojin da suka biyo baya a 2007 sun lissafa launuka masu haske da ke fitar da ita daga wannan rukuni, da suka haɗa da ja, da ruwan lemo, da rawaya, da kore, da ruwan hoda, da shunayya, da shuɗi. A ƙarƙashin irin wannan doka, gwangwanin baƙin fenti kaɗai na iya sauya matsayin abin da mutum ke riƙe da shi.

A Jamus kuwa bindigar harbin fenti tana ƙarƙashin dokar makamai. Wanda ya kai shekara 18 na iya mallakarta ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfin harbinta bai wuce jul 7.5 ba, kuma tana ɗauke da tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa 5. Samfefa ko fenti mai kauri da ya shafe wannan tambari ya shafe shaidar halaccinta ke nan. Bayan harbe-harben da aka yi a wata makaranta a garin Winnenden a watan Maris na 2009, gwamnatin ƙasar ta yi tunanin haramta wasan baki ɗaya, kafin daga bisani ta janye.

Wasan ya riga ya iso birane irin su Legas da Abuja, inda shingayen binciken jami'an tsaro ba baƙon abu ba ne a kan hanya. Saboda haka batun yadda bindigar wasa ke bayyana a ido bai tsaya ga ƙasashen da aka ƙirƙiro ta ba.

Kafin a buɗe gwangwani

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne, akwai tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a fara. Idan gangar jikin sassaƙaƙƙen alminiyum ce, rinin lantarki a hannun ƙwararre ya fi dacewa da ita, kuma gwargwadon ƙarancin maimaita shi, gwargwadon daɗewarta. Idan ta zubi ce, to fentin gari ko na tangaran ne zai yi ƙarko, na gwangwani kuwa sai a shirya sabunta shi lokaci-lokaci. Lambar bindiga da tambarin hukuma a bar su a fili. Tukunyar iska kada ta kusanci tanda ko maganin cire fenti. Sannan a binciki abin da dokar ƙasa ta ce dangane da launin da aka zaɓa, a kuma riƙa ɗaukar bindigar a cikin rufaffiyar jaka idan an bar filin wasa.

Kwarzanen da ke jikin tsohuwar bindiga ba ya rage mata komai wajen harbi. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, gara ya bar ta da tabonta, kada garin neman gira a rasa ido.